Barin Singafo don neman gida mai fili: tambayoyi da amsoshi kan kuɗin gida da sauyin rayuwa

Singafo na cikin ƙasashen da mutane ke fafutukar samun shiga, amma duk da haka 'ya'yanta sama da dubu 200 suna zaune a waje, a Ostireliya da Birtaniya da Amurka da Maleshiya da sauran wurare. Da ka tambayi magidanci abin da ya sa yake tunanin tashi, gida da mota da karatun yara ne ke fara fitowa daga bakinsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ya kamata ya amsa wa kansa kafin ya ɗaure kaya. Duk inda aka ce dala ba tare da ƙarin bayani ba, dalar Singafo ake nufi.

Me zai sa mutum ya bar ƙasa mai arziki da zaman lafiya irin wannan?

Matsi. Faɗin ƙasar gaba ɗaya kimanin murabba'in kilomita 735 ne kawai, kuma mutum kimanin miliyan 6 ne a cikinta. Iyalan da ke zaune a gidan ƙasa mai tsakar gida ba su fi biyar cikin ɗari ba, sauran duk a bene suke. Hatta kabari ba a bar wa mutum har abada: tun 1998 ake tone shi bayan shekara 15, waɗanda addininsu ya wajabta binnewa a sake binne su a ƙaramin wuri.

Sai matsin aiki da na makaranta. Makon aiki a dokar Singafo awa 44 ne, a Ostireliya 38. Mafi ƙarancin hutun shekara da doka ta ba ma'aikaci a Singafo kwana 7 ne, yana ƙaruwa da daɗewa har ya kai 14, alhali a Ostireliya mako huɗu ne tun daga shekarar farko. Yaro ɗan shekara 12 yana zana jarrabawar kammala firamare mai suna PSLE wadda ke da babban tasiri kan sakandaren da zai shiga, kuma a 2023 iyaye sun kashe kimanin dala biliyan 1.8 a darasin bayan makaranta. Maganar tafiya ta daɗe tana sosa wa hukumomi rai. A jawabinsa na bikin ranar ƙasa a 2002, firaministan lokacin, Goh Chok Tong, ya raba 'yan ƙasa gida biyu, masu tsayawa da masu gudu, kuma kalaman sun yi wa mutane da yawa ciwo.

Ba an ce kusan kowa a Singafo yana da gidan kansa ba?

Haka ne, kuma babbar nasara ce. Hukumar gidaje ta HDB, wadda aka kafa a 1960, ita ta gina benayen da kusan takwas cikin goma na mazauna ƙasar ke ciki, kuma kusan tara cikin goma na iyalai suna da gidan kansu. Sai dai mallakar ta shekara 99 ce, kamar wa'adin da ke kan takardar shaidar mallakar fili a Najeriya, amma a Singafo hukuma ta fito ƙarara ta ce idan wa'adin ya cika gidan zai koma hannunta. Tsohon gida da ya rage masa shekara 50 ko 40 yana wahalar samun bashin banki, darajarsa kuma tana zaizayewa.

Gidan da suke kira mai ɗaki huɗu, wato ɗakin kwana uku da falo, faɗinsa kimanin murabba'in mita 90 ne. Shanya a kan sandunan gora ake yi, a turo su ta tagar kicin. Sababbin ma'aurata da suka nemi sabon gida daga hukuma sukan jira shekara uku zuwa biyar kafin a gama ginin, wanda ba shi da aure kuwa sai ya kai shekara 35 kafin a bar shi ya saya shi kaɗai. Wanda ba zai iya jira ba sai ya shiga kasuwar gidajen hannu, inda a 2024 aka sayar da gidajen HDB sama da dubu ɗaya a kan dala miliyan ɗaya ko fiye kowannensu.

Idan na sayar da gidana na HDB, kuɗin zai ishe ni sayen gida a waje?

A nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa, don haka a bi shi a hankali.

Yawancin 'yan Singafo ba da tsabar kuɗin aljihu suke biyan gida ba. Akwai asusun ajiya na dole mai suna CPF, wanda aka kafa a 1955. Ma'aikacin da bai wuce shekara 55 ba ana cire masa kashi 20 na albashi, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 17, har zuwa wani iyaka na albashin. Tun 1968 aka yarda a riƙa biyan gidan HDB daga wannan asusu. Saboda haka ma'aurata biyu masu aiki na iya biyan bashin gidansu wata-wata ba tare da sun taɓa albashin da ya shigo hannunsu ba, kuma ruwan bashin da HDB ke bayarwa kashi 2.6 ne kacal.

Ranar da aka sayar da gidan, duk abin da aka ciro daga CPF sai an mayar da shi, haɗe da ribar kashi 2.5 a shekara da kuɗin zai samu da an bar shi a asusun. Mu ɗauki misali: an sayar da gida dala dubu 700, akwai ragowar bashi dubu 200, abin da za a mayar wa CPF kuma dubu 300. Abin da zai shigo hannu dubu 200 ne, kafin a cire ladan dillali da na lauya. Dubu 300 ɗin nan kuɗin mai gidan ne, babu wanda ya ƙwace masa, amma ba a sayen gida a ƙasar waje da kuɗin CPF. Ba zai iya kwashe shi duka ba sai ya ajiye zama ɗan ƙasa.

A can inda ya koma kuwa, daga albashin da aka riga aka cire wa haraji zai biya bashin gida. A Ostireliya ruwan bashin gida ya kai kusan kashi 6 a 2024. Akwai asusun fansho da mai aiki ke zuba wa ma'aikaci kashi 12 tun watan Yuli na 2025, amma ba a biyan bashin gida da shi wata-wata yadda aka saba da CPF. Duk wanda ya kwatanta farashi da farashi kawai, ya bar tambayar ta wace aljihu kuɗin zai riƙa fita, bai gama lissafi ba.

Amma ai gida ya fi araha a Ostireliya ko Birtaniya?

Ya danganta da abin da ake kwatantawa. Idan gidan ƙasa ne mai tsakar gida da gareji, ko shakka babu. Irinsa a Singafo miliyoyin daloli ne, a gefen biranen Ostireliya irin su Perth ko Melbourne kuwa ma'aikata biyu masu matsakaicin albashi na iya fatan mallakarsa, kuma fili ne na dindindin, ba na shekara 99 ba. Idan kuma da gidan HDB mai tallafin gwamnati za a gwada, to Sydney da Landan sun fi tsada nesa ba kusa ba. Matsakaicin farashin gida a Sydney ya daɗe da haura dalar Ostireliya miliyan ɗaya.

Perth ita ce ta fi jan hankalin 'yan Singafo, domin tafiyar awa biyar ce a jirgi kuma agogonsu ɗaya. Amma ita ma ta yi tsada. A 2023 da 2024 gidajen haya da babu kowa a ciki ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ranar Asabar za ka ga layin mutane a ƙofar gida ɗaya, an ba su minti goma sha biyar su duba, kowa riƙe da takardar albashi da wasiƙar tsohon mai gidan haya. Sabon zuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Kuɗin haya ma da mako ake faɗinsa a can, abin da kan ruɗi wanda ya saba da lissafin wata.

Baƙo yana da damar sayen gida da zarar ya sauka?

Ba ko'ina ba. Ostireliya ta hana baƙi, har da masu izinin zama na wucin gadi, sayen gidajen da aka riga aka zauna a ciki daga 1 ga Afrilu 2025 zuwa ƙarshen Maris 2027. Jihohinta kuma suna ɗora wa baƙo ƙarin harajin saye, kashi 7 a jihar da Perth take, kashi 8 a ta Melbourne. Mai izinin zama na dindindin bai shiga haramcin ba. Kanada ta kafa nata haramcin tun Janairun 2023. A Ingila wanda ba mazauni ba yana biyan ƙarin kashi 2. Niyu Zilan ta hana baƙi saye a 2018, amma ta keɓe 'yan Ostireliya da 'yan Singafo saboda yarjejeniyar ciniki da ke tsakaninsu. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa da sauyin gwamnati, don haka takardar zama ake fara nema kafin gida.

Zan iya riƙe gidan HDB in ba da shi haya?

Ɗan ƙasa zai iya, muddin ya cika wa'adin zama na dole, wanda ga yawancin gidaje shekara biyar ne, kuma ya nemi izinin hukumar. A cikin wa'adin ba a yarda ya ba da gidan duka haya ba, ba a kuma yarda ya sayi wani gida ba, ko a gida ko a waje. A ganina wannan ce hanya mafi hankali ga yawancin iyalai: a bar gidan, kuɗin hayarsa ya rage nauyin hayar can, a yi shekara biyu ko uku ana gwada zaman. Abu ɗaya da za a lura, wanda ya zama mazaunin Ostireliya na dindindin sai ya bayyana wa hukumar harajin can kuɗin hayar da yake karɓa daga Singafo.

Yaya batun haraji?

Bambancin ba ƙarami ba ne. A Singafo wanda kuɗin da za a yi wa haraji ya kai dala dubu 100 a shekara yana biyan dala 5,650. A Ostireliya mai samun dalar can dubu 100 yana biyan kusan dubu 23 idan aka haɗa da kuɗin asibiti na kashi 2. Matakin ƙoli a Singafo kashi 24 ne, a Ostireliya da Ingila 45. Singafo ba ta karɓar haraji a kan ribar sayar da kadara ga wanda ba sana'arsa ba ce. Abin da mai hijira ke samu a madadi shi ne asibitin gwamnati da tallafin iyali da suka fi na gida sauƙi ga aljihu, idan takardarsa ta ba shi dama. A Birtaniya mai biza yana biyan fam 1,035 a shekara tun 2024 kafin ya ci moriyar asibitocin gwamnati, kuma kowane mutum a gidan da nasa kuɗin.

Mota fa?

Nan kam waje ya yi nasara. A Singafo tun 1990 sai ka sayi takardar izinin mallakar mota, COE, wadda ke aiki shekara goma, kuma a Oktoban 2023 ta manyan motoci ta kai dala dubu 150, ban da kuɗin motar kanta. A Perth kuɗin takardar kaɗai zai sayi motoci masu kyau biyu ko uku. Sai dai a Singafo mutum na iya ƙare rayuwarsa bai taɓa tuƙi ba, saboda jirgin ƙasa na cikin gari da bas suna kai shi ko'ina. A unguwannin gefen biranen Ostireliya ko Kanada iyali kan buƙaci mota biyu, da inshorarsu da mansu da gyaransu.

Wane sauyi ne ya fi ba mutane wahala a rayuwar yau da kullum?

Aikin gida da abinci. A Singafo akwai masu aikin gida 'yan ƙasashen waje kimanin dubu 300, akasari daga Indunusiya da Filifin da Miyanma. Ban da albashinsu, mai gida yana biyan gwamnati dala 300 a wata, ko 60 idan akwai ƙaramin yaro ko tsoho a gidan. Wannan ne ya ba mata da miji damar fita aiki tun safe har dare. A Ostireliya ko Birtaniya albashin mai aiki ya fi ƙarfin matsakaicin iyali. Wanki, girki, yankan ciyawa, kai yara makaranta da ɗauko su da ƙarfe uku na rana, duk sun dawo kan ma'auratan. Gidan da aka yi mafarkinsa yana da rufi da magudanar ruwa da shinge da ke lalacewa, kuma kiran mai gyara na awa ɗaya ba wasa ba ne. Auren da aka gina a kan cewa wata ce ke yin aikin yakan sha gwaji a shekarar farko, kuma sau da yawa matar ce ke ajiye aikinta. Ya kamata a yi wannan maganar tun kafin a sayi tikiti.

Abinci kuwa, a Singafo akwai rumfunan abinci na gwamnati sama da ɗari, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya al'adarsu cikin kayan gadon duniya a 2020. Ka sauko daga bene, ka ajiye ƙunshin tishu a kan tebur alamar wurin da mai shi, ka je ka sayo shinkafa da kaza ko taliya a kan dala huɗu zuwa shida. A Melbourne kwano ɗaya zai ci ninki uku ko fiye, kuma a unguwanni da yawa shaguna na rufewa da yamma. Sai sanyi. Wanda ya tashi inda zafi ke tsakanin digiri 25 da 32 duk shekara zai fara sanin kuɗin ɗumama gida.

Iyaye tsofaffi fa?

Wannan ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ita ke dawo da mutane da yawa. Gwamnatin Singafo tana ba da tallafin har dala dubu 30 ga wanda ya sayi gidan hannu don ya zauna tare da iyayensa, dubu 20 ga wanda ya saya cikin kilomita huɗu da su. Akwai ma dokar 1995 da ta ba tsoho damar kai ƙarar ɗan da ya ƙi ciyar da shi. Kai iyaye Ostireliya kuwa, bizar da ake biya tana cin kusan dalar can dubu 50 ga mutum ɗaya kuma ana shekaru a layi, marar tsadar kuma jiranta na iya kai shekara talatin. Ko an samu, tsohuwar da ta saba saukowa farfajiyar ƙasan bene ta yi hira da ƙawayenta da yarenta, za ta wuni ita kaɗai a gidan da babu inda za ta iya zuwa da ƙafa. Mai 'yan'uwa da za su kula da iyayen yana da sauƙi. Ɗa tilo sai ya yi tunani sosai.

Ina da ɗa namiji. Hijira za ta cire shi daga aikin soja?

A'a. Tun 1967 kowane namiji ɗan ƙasa yana yin hidimar ƙasa, yanzu shekara biyu ce, daga shekara 18. Daga shekara 13 yaro na buƙatar izinin fita idan zai yi wata uku ko fiye a waje, idan kuma zaman zai kai shekara biyu iyaye su ajiye jinginar dala dubu 75 ko rabin abin da su biyun ke samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Wanda ya ƙi dawowa yana fuskantar tarar har dala dubu 10 ko ɗaurin har shekara uku. Masu bin ƙwallo za su tuna Ben Davis, matashin da ya sa hannu da kulob ɗin Fulham na Ingila a 2018: an ƙi ɗaga masa lokaci, bai dawo ba, ya koma buga wa Thailand. Iyayen da suka yi sakaci da takardun nan suna iya rufe wa ɗansu ƙofar ziyartar kakanninsa.

Iyalan Musulmi suna da wani lissafi na daban?

Suna da shi. Musulmi kimanin kashi 15 ne na mazauna Singafo, akasarinsu Malayawa. Majalisar addinin Musulunci, MUIS, tana aiki tun 1968, tana ba da shaidar halal da ake gani a ƙofar gidajen abinci, kuma tun 1975 ma'aikata Musulmi ke ba da gudummawa daga albashi don gina masallatai, waɗanda yanzu sun kai kimanin 70. A Ostireliya Musulmi kashi uku ne da ɗan ɗoriya, don haka unguwar da za a zauna sai an zaɓe ta da la'akari da masallaci da mahauci da Islamiyya, kuma wannan na shafar kuɗin gida. A ɗaya ɓangaren, makarantun gwamnati a Singafo ba sa barin ɗalibai mata su sa ɗankwali, ma'aikatan jinya ma sai a Nuwamban 2021 aka ba su dama. Ga wasu iyaye wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya, kuma ban ga laifinsu ba.

Me ya sa wasu ke tsallakawa Johor Bahru, birnin Maleshiya da ke makwabtaka da Singafo, kawai?

Domin dala ɗaya ta fi ringgit (kuɗin Maleshiya) uku, kuma gadar da ta haɗa ƙasashen biyu tun 1924 kilomita ɗaya ce. Mutum na iya karɓar albashin Singafo ya yi hayar gida mai faɗi a Maleshiya. Wahalar ita ce cunkoso: sama da mutum dubu 300 ke ƙetarawa kullum, wasu tun kafin asuba. An tsara jirgin ƙasan da zai haɗa Bukit Chagar a Johor Bahru da Woodlands a Singafo zai fara aiki a ƙarshen 2026. Masu wannan tsari ba su manta da Maris 2020 ba, lokacin da annobar korona ta rufe iyakar har Afrilun 2022, ta raba magidanta da iyalansu.

Idan zaman bai yi daɗi ba, ana iya dawowa?

Wanda ya riƙe fasfonsa zai dawo duk ranar da ya so. Ma'aikatar ilimi ma tana da tsarin ajiye wa yaro gurbinsa a makaranta yayin da iyali ke waje. Wanda ya sayar da gidansa zai tarar farashi ya yi gaba, kuma idan ya mallaki gida a waje sai ya rabu da shi ya jira wata 30 kafin ya nemi sabon gida daga hukuma.

Wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa kuwa lamarinsa daban ne, domin Singafo ba ta yarda babba ya riƙe biyu ba. Zai kwashe kuɗinsa na CPF gaba ɗaya, kuma ga mutane da yawa wannan kuɗin ne ke biyan gidan can. Amma daga ranar ya zama baƙo: ba zai iya sayen gidan HDB ba, zama kusa da iyayensa sai da biza, kuma idan ya so sayen gida daga 'yan kasuwa galibi zai biya ƙarin harajin kashi 60 na farashin, wanda aka ɗora wa baƙi tun Afrilun 2023. Shi ya sa da yawa daga cikin 'yan Singafo da ke Perth da Melbourne suke tsayawa a izinin zama na dindindin shekara da shekaru, suna sabunta takardar shiga da fita duk bayan shekara biyar, ba su taɓa neman fasfon can ba.